Jan Ruwa a Bakin Raga

Telan layinmu ne ya fara sa na gane akwai abin da ya lalace. Tun da aka fara galar bai taɓa fashin sayen sobolona ba, wato zoɓon da nake sayarwa, kuma kullum sai ya yi ƙorafin citta ta yi yawa kafin ya shanye. Ranar ya zo kamar yadda ya saba, ya miƙo hannu, na ɗaga murfin kula. Sai hannun ya tsaya a iska. Ba ni yake kallo ba. Ƙasa yake bi da ido, daga gindin kulata har zuwa cikin raga.

"Mai sanyi ne, Baba tela," na ce.

"Na gani," ya ce.

Ya mayar da hannun aljihu a hankali, ya juya, ya nufi wajen samarin da ke tsaye a gefen fili. Na ga ya kama kafaɗar ɗaya daga cikinsu yana yi masa magana a kunne. Wannan ya juyo ya kalle ni, na kusa da shi ma ya juyo. A lokacin an riga an ci mu biyu, kuma Yayana ne a cikin ragar.

Duk wanda ya zauna a Tamale ya san gala. Bayan ƙaramar Sallah unguwanni ke haɗa ta, kowace unguwa da ƙungiyarta, a yi ta bugawa har a kai wasan ƙarshe, a ba da kofi da rago. Muna da babban filin wasa na gari mai ciyawa da kujeru, ana cika shi idan manyan ƙungiyoyi sun zo. Akwai kuma ɗakunan kallo a kowane lungu, inda maza ke zagin 'yan wasan Turai kamar su suka haife su. Amma duk wannan kallo ne kawai. Gala kuwa tamu ce. Ɗan maƙwabciyarki ne ke bugawa, kuma idan ya zubar da ƙwallo uwarsa za ta ji a bakin famfo washegari.

Filinmu na Moshi Zongo, wanda muke ce wa faki, jar ƙasa ce da tsakuwa, babu ko tsinken ciyawa. 'Yan uwanmu na Kumasi idan sun zo Sallah 'yan hamada suke ce mana, wai ko raƙumi sai ya nemi takalmi kafin ya shiga fakinmu. Inuwa ɗaya ce a wajen, ta wata darbejiya da ke bayan ragar gabas. A wannan zafin na bayan azumi, wanda ya samu gindin darbejiyar nan ya samu duniya.

Ni na samu, kuma ba don komai ba sai don ni ƙanwar gola ce.

Akwai abin da kowa ya sani a gala amma ba a faɗinsa da ƙarfi. Kafin babban wasa ana zuwa wajen wani malami ya kulle raga. Abin da ake binnewa ban sani ba, ban taɓa gani ba. Na dai san a wannan karon ragar darbejiya aka kulle, da sunan Yaya, wai sai ya tsaya a cikinta aikin zai ci, kuma an shirya ita za mu tsare bayan hutun rabin lokaci, sa'ad da ƙafafu suka gaji. Tun asuba samari suka zauna gadinta, kada baƙo ya taka, kada a yar da wani abu a ciki. Babban abin da ake tsoro shi ne ruwa. Ana cewa ragar da aka kulle, da ruwa ake buɗe ta.

Na san wannan magana kamar yadda na san ba a yin shara da dare. Ji nake yi ina wucewa. Ban taɓa haɗa ta da ruwan da ke cikin kulata ba.

Mu biyu kawai aka bari mu kasa kaya a bayan ragar, ni da wata tsohuwa mai suyar doya da kowa ke ce wa Iya, wadda ta riga yawancin 'yan wasan zuwa fakin. Da na iso da kula a kai, shugaban masu gadin ya ce, "Ku bar ta, 'yar gida ce. Ƙanwar gola, a tabbata namu ya fi sanyi."

"Naku ya fi sanyi idan kun biya na jiya," na ce. Aka yi dariya.

Ni ma gola ce, ko in ce na kasance. Yaya ne ya koya mini faɗuwa, a kan tulin yashin da aka zube a tsakar gidanmu don ginin da ba a taɓa yi ba. Yana jefo ƙwallo yana cewa in faɗi a gefe, ba a ciki ba, Mma mahaifiyarmu kuma tana daga bakin murhu tana tambayar wa zai auri mace mai tabo a gwiwa biyu. Na tsare wa makarantarmu raga har na gama sakandare. Da na gama babu abin yi sai taya Mma sayar da sobolo, sai na shiga wata ƙungiyar 'yan mata da ke atisaye a Gumbihini, don a unguwarmu babu. Kocinmu na can shi ne kuma kocin samarin Gumbihini, kuma su muka haɗu da su a wasan ƙarshe.

Kafin a fara wasa ya hango ni, ya zagayo ta bayan mutane. Na durƙusa na gaishe shi, yadda ake gaida babba. Ya miƙo mini wata baƙar leda.

"Ba sababbi ba ne," ya ce, "amma sun fi hannu tsirara. Yau dai kada ki yi mana addu'a, na san ba ta alheri ba ce."

Safar hannu ce ta gola, tsohuwa, ɗan yatsa ɗaya a ɗinke da zaren takalmi. Ban taɓa mallakar tawa ba. Na yi godiya har sau nawa ban sani ba, na cusa ledar a ƙarƙashin benci. A gaban kowa aka yi wannan, da rana tsaka.

Aka tafi hutu muna da ɗaya, su babu. Masu ganguna suna ta kiɗa, mata suna guɗa, masu gadin ragar duk sun ruga wajen 'yan wasa suna yi musu fifita da riguna. Ni kuwa ƙanƙarata ta narke, ledojin sobolo kaɗan sun fashe a ciki, hannuna duk ya yi ja. Kwata tana can bayan taro, kular kuma ta fi ƙarfin in ratsa mutane da ita. Sai na yi abin da nake yi kullum a ƙofar gidanmu. Na karkata ta, na cire toshin da ke gindi, ruwan ya fita.

Ƙasar fakin nan ba ta shan ruwa, ta bushe ta zama kamar daɓe. Ruwan bai nutse ba. Gangarawa ya yi, ja wur, ya bi ta ƙarƙashin raga ya shiga ciki har kusa da layi. Da na ga haka sai na ji kunya, kada Yaya ya zo ya taka caɓi. Na cire silifas ɗina na durƙusa ina turo ƙasa ina rufewa. Wannan shi ne duk abin da na yi.

Da aka dawo, ƙwallon farko ba ta da wani ƙarfi, irin wadda Yaya ke kamawa yana hira da 'yan baya. Ta bi ta tsakanin hannuwansa ta shige. Ta biyu daga kwana ta zo, ya fita ya tare ta, ƙafarsa ta goce. Har yau ban sani ba ko wajen ya bushe a lokacin. Nakan zauna in auna zafin ranar da yawan ruwan, in ce ai dole ya bushe. Wani lokaci kuma in ce ban sani ba.

Bayan ta biyun ne tela ya zo.

Gangunan ɓangarenmu suka yi shiru. Na ga waya tana yawo daga hannu zuwa hannu, duk wanda ya kalla sai ya ɗago ya nemi inda nake. Iya mai doya ba ta daina juya doyarta ba, ba ta kuma kalle ni ba, ta ce, "Tashi ki je ki yi fitsari."

"Ba na ji, Iya."

"Za ki ji. Bar kular nan. Kada ki gudu, kada ki waiwaya."

Na tashi. Na ratsa ta tsakanin baburan da aka jera, ina gaida mutane, wasu suna amsawa don labarin bai iso gare su ba. Na kusa bakin hanya sai na ji fakin ya ɗauka gaba ɗaya daga ɓangaren 'yan Gumbihini, an ci na uku. A cikin wannan ihun ne wani ya ce, "Ga ta can, ƙanwar gola." Bai ma ɗaga murya sosai ba.

Ledar ruwa ce ta fara samuna a baya. Sai dutse, a bayan kunne. Daga nan na manta da maganar Iya, na zuba da gudu.

Ban nufi gida ba, jikina ya san can za su fara zuwa. Na faɗa wani lungu, na ga ƙofa a buɗe, na shige. Mata ne a tsakar gida suna kirɓa sakwara. Wata tsohuwa Badagomba ta kalli jinin da ke wuyana, ta saurari hayaniyar da ke tahowa, ba ta tambaye ni komai ba. Ta ja ni zuwa wani ɗaki da ake ajiye buhunan masara, ta tura ni bayansu, ta ja ƙofa. Ta ƙasan ƙofar na ga ta jawo kujera ta zauna, ta gicciya taɓarya a cinya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na san muryoyin. Ba baƙi ba ne. Akwai wanda muka yi makarantar allo tare, akwai mai gyaran babur da ke ƙofar gidanmu, wanda Mma ke ajiye wa ƙanzon tuwo.

Ɗayansu ya ce wa tsohuwar, "Mma, ba faɗa muka zo ba. Tambaya kawai za mu yi mata."

Tsohuwar ta amsa da Dagbanci cewa gidan nan babu kowa sai mata da masara, wanda yake son masara ya je kasuwa.

"An ga ta shigo nan."

"Wanda ya gani ya shigo ya ɗauke ta. Amma ta kaina zai bi, kuma zan tambaye shi sunan uwarsa."

Wani daga baya ya ce, "Ku bar ta, ai garin nan ba shi da ƙofa biyu. Za ta fito." Wani ya ce a kawo fetur, wasu suka ce masa ya yi shiru, wasu suka yi dariya. Ban san ko da gaske yake ba. Ina bayan buhu na toshe bakina da gefen hijabi kada a jiyo numfashina daga waje.

Kiran sallar la'asar ya daɗe da wucewa kafin lungun ya yi shiru. Tsohuwar ta tambaye ni wa nake da shi, ta sa aka kira Goggo, ƙanwar Babanmu marigayi, wadda ke da ɗan shagon kayan miya a Gurugu. Ta zo a kan babur ɗinta, ta sa mini dogon hijabinta, ta ɗora mini kwando a cinya, ta ce in sunkuyar da kai kamar mai ciwon ciki. Haka muka bi ta bayan gari. Ban ma yi wa tsohuwar godiya ba, kuma ko yau aka ce in nuna gidan ba zan iya ba.

A Gurugu na ga bidiyon. Wani ne yake ɗaukar masu rawa a lokacin hutu, ni kuma na fito a gefe. An yanko wajen, an rage masa sauri, an zagaye ni da jan layi. Ga ni ina karkata kula, ga jan ruwa yana shiga raga, ga ni a durƙushe ina rufe shi da ƙasa ina waige-waige. Ni na san kunya ce ta sa nake waigen. Amma da na kalla sau uku, ni kaina sai na ga wata yarinya tana binne abu.

Sun fasa kular, sun kuma samu baƙar ledar a ƙarƙashin benci. Na ɗauka idan suka ga safar hannu ce kawai za su huce. Ashe ita ce ma ta gama da ni. Safar gola, daga hannun kocin abokan gaba, a ƙulle a leda, a bayan ragar gola: aka ce hannuwan Yaya aka ɗaure a ciki. Aka ce jan ruwan ba sobolo ba ne kaɗai. Aka ce an daɗe ana shirya ni, shi ya sa nake zuwa Gumbihini da sunan ƙwallo, in ba haka ba me mace ke nema a raga.

Saƙonni suka yi ta shigowa wayata har Goggo ta ƙwace ta. Wasu zagi ne kawai. Wasu kuma a natse aka yi su, ana gaya mini an san layin da nake bi zuwa injin markaɗe, kuma ba a gaggawa.

Koci ya yi rantsuwa a gaban mutane cewa safa ce kawai ya ba ni, amma rantsuwarsa ba ta da daraja a unguwarmu, kuma yaransa ba su taimaka ba. Sun zagaya gari da ragonsu a cikin yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, suna sayen sobolo suna zubarwa a ƙasa suna cewa a gaida surukarsu. Daga baya ya aiko a gaya mini in dakata da zuwa atisaye tukuna, iyayen sauran 'yan matan sun fara magana.

Na zauna a ɗakin Goggo na ƙurya, ba na leƙa ko shago. Idan babur ya tsaya a ƙofa sai in laɓe a bayan ƙyaure. Yaran gidan suna buga ƙwallon roba a tsakar gida, duk sa'ad da ta daki ƙyauren langa-langa sai in tsinci kaina a tsugune, hannu a ka. Har yanzu haka nake. Goggo ta ce a kai ƙara wajen 'yan sanda. Mma, da ta zo dubana da rana ta hanyar da ba ta saba bi ba, ta ce, "Ɗan sanda zai tare a ƙofarmu ne? Su zo su kama yaro biyu su tafi, mu kuma mu zauna da iyayen yaran."

Ta rame. Ta ce ta daina dafa sobolo, ba mai saye, kuma kowace safiya sai ta tarar an watsa jan ruwa a bakin ƙofa, ta wanke kafin mutane su fito. A famfo idan ta ajiye bokiti, na kusa da shi sai a janye.

"Yaya fa?" na ce.

"Yana nan."

"Ya ce me?"

"Me zai ce? Ba ya fita. Wasu suna cewa da shi aka haɗa baki, wasu suna tausaya masa. Ban san wanne ya fi ci masa rai ba." Ta gyara mini ɗankwali ta duba ciwon da ke bayan kunnena. "Da kin ji maganata tun kina faɗuwa a yashi."

"Mma, ba ƙwallo na buga ba. Sobolonki nake sayarwa."

Ta ce in riƙa shafa man kaɗanya a wajen.

Duk tsawon zaman nan shi nake jira. Na gaya wa kaina Yaya zai zo, ya zauna, ya yi dariyar nan tasa ta ta hanci, ya ce ƙwallon farko laifinsa ce, ya raina ta ne. Shi ne fa ya koya mini cewa gola ba ya ɗora wa iska laifi. Idan shi ya faɗa a bakin faki cewa ba ruwa ne ya ci shi ba, wasu za su ji.

Ya zo wata rana bayan azahar. Bai shigo ba, Goggo ce ta ce in fito soro. Yana zaune a kan babur, ƙafa ɗaya a ƙasa, makulli a hannu yana juyawa.

"Kina cin abinci?"

"Ina ci. Yaya, ka rame."

"Zafi ne."

Wata akuya ta shigo tana shinshina buhun albasa, ya kore ta da ƙafa.

"Me ya sa ba ki kai kwata ba?" ya ce.

"Kular ta yi nauyi. Mutane sun cika hanya."

"Da kin kira wani ya taya ki."

"Yaya, kai ma?"

"Ban ce da gangan kika yi ba. Duk wanda ya ce da gangan ne, ni da shi ne."

"Amma ka yarda ruwan ne."

Ya daɗe yana kallon makullin. "Ƙwallon farkon nan na gan ta tun daga ƙafarsa. Na san inda za ta. Na kai hannu, sai na ji kamar an ɗora mini bulo a kowanne. Tun ina yaro nake tsaron raga, ban taɓa jin haka ba." Ya ɗago ya kalle ni, karo na farko. "To ki gaya mini mene ne, ke da kika yi sakandare."

Na so in ce masa tsoro ne, ko gajiya, ko kuma ya ga jar ƙasa a jiƙe a bakin layi zuciyarsa ta riga ta faɗi kafin a bugo. Amma na ga idan na ƙwace masa ruwan, ba abin da zai rage masa sai hannuwansa.

Ya tayar da babur. "Ana magana da manya," ya ce. "Ki yi haƙuri ki zauna a ciki."

Bayan tafiyarsa na koma ƙurya na kwanta ina kallon rufi. A ranar ne na daina shirya abin da zan faɗa idan an tara mutane an ba ni dama. Da ina da jawabi a kaina, na jera shi tsaf, daga fashewar leda har zuwa silifas. Na bar shi.

Wata Juma'a da hantsi Magajiya ta zo, shugabar matan unguwarmu, tare da Mma. Goggo ta shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida, aka kawo ruwa, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gajiya da zafi da kasuwa. Ni kuma ina durƙushe a gefe.

Magajiya ta ce an zauna, da liman, da sarkin samari, da manyan ƙungiya. An yi magana mai yawa, an kai ruwa rana, liman ya yi musu faɗa sosai a kan jifa. Ta ce malamin da ya yi aikin ma an ji ta bakinsa, ya ce tun farko kuskure ne da aka bar mace ta zauna a bayan raga. Saboda haka daga yanzu ba macen da za ta ƙara kasa kaya a wajen.

"Har Iya mai doya?" na ce.

"Har ita. Ta koma bakin tasha."

Ta ce ni kuma ba zan ƙara taka fakin ba, ko ana wasa ko ba a yi. Zuwa Gumbihini da sunan ƙwallo ya ƙare. Safar an ƙone ta, kowa ya gani, hankali ya kwanta. Yayana kuma ya tsaya a gaban 'yan ƙungiya ya durƙusa a madadina, ya ce ƙanwarsa ta yi kuskure, yarinta ce, a dubi maraicinmu.

"Saboda haka an yafe miki," in ji Magajiya.

"Me aka yafe, Magajiya?"

Goggo ta mintsine ni a cinya. Mma ta sunkuyar da kai. Magajiya ba ta yi fushi ba, ta kurɓi ruwa ta ajiye kofin.

"'Yata, ni ma na sayar da sobolo kafin a haifi uwarki, na san yadda leda ke fashewa. Amma ba a aiko ni da wannan ba. Kina son a ce kina da gaskiya, ko kina son ki kwana a ɗakinku?"

Na kalli Mma. Hannuwanta duk sun yi fari don wankin ƙofa.

"Ina son in koma gida," na ce.

"To ki ce kin gode."

"Na gode."

"Madalla. Sarkin samari ya ɗauki alkawari a gaban liman, duk wanda ya ƙara ko nuna ki da yatsa, da shi zai yi. Ba wanda zai taɓa ki. Ki haɗa kayanki, bayan an sauko daga masallaci Yayanki zai zo ya ɗauke ki, ku shiga ta babbar hanya kowa ya gani."

Mma ta fara yi mata addu'a, Goggo tana amsawa. Na tashi in shiga ɗaki, ƙafata ta yi tsami don durƙuso. Ƙwallon yaran gidan ta gangaro ta tsaya a gabana, ƙaramar cikinsu ta ce in jefo mata. Na ji idon Magajiya a bayana. Na raɓa ta gefe na wuce, na fara naɗe hijabin da Goggo ta ara mini.